Shaguna Uku a Kan Lambatu

Wasilat Raji ta shekara goma sha ɗaya tana aiki a sashen tsare-tsare na wani ofishin gwamnati a Kano, aikin ofis bai taɓa bin ta gida ba sai a bazarar da aka ba ta aikin magudanan ruwa.

A Kwaciri aka haife ta, cikin Fagge. Kakanta ne ya taso daga Ogbomosho da fataucin atamfa, ya sayi fili ya gina gida, a nan kuma aka binne shi. In ba sunanta ka ji ba, ko ka shiga gidansu ka tarar da mahaifiyarta, Iya, tana faɗa da Yarabanci, ba za ka ce tana da wani asali bayan Kano ba. Da ta yi aure ta koma Rijiyar Lemo, amma duk Asabar tana Kwaciri wajen Iya.

Takarda ce ta zo daga Abuja. Ana rubuta sabon kundin tsare-tsaren ci gaban ƙasa, kuma a wannan karon an ce kowace jiha ta aiko da bayanin wuraren da ambaliya ko gobara ke iya yi wa ɓarna, domin a sa maganin abin cikin tsarin tun daga farko, a daina jira sai gida ya faɗi sannan a kawo tabarma da shinkafa. Daraktan sashen, Malam Abdulƙahhar, mutum ne mai sanyin hali, saura masa shekara biyu ya yi ritaya. Ya rarraba unguwanni, ya ba Wasilat Fagge da Sabon Gari.

"Ke 'yar gida ce, Malama Wasila," in ji shi. "Ba lungun da zai ɓatar da ke."

Aka haɗa ta da Agnes, ma'aikaciyar safiyo 'yar Sabon Gari, doguwa, mai saurin tafiya da ƙarancin magana. Suka zaro wata tsohuwar taswira da aka zana tun kafin a haife su, suka shiga bin lambatu da ƙafa. Mako shida suna yi cikin zafin rana. Sai su bi lambatu mai faɗinsa, ya yi tafiya ya yi tafiya, sai ya ɓace. A wani wuri ya shige ƙarƙashin bene mai hawa uku cike da shaguna. A wani wurin an ɗora masa ɗakin janareta, a wani bayan gida. Duk inda gini ya hau hanyar ruwa, Agnes ta auna, Wasilat ta ja jan layi a taswira. Kafin su gama, jajayen layuka sun kai sittin da uku.

Kwaciri ta bari ƙarshe, domin ta san abin da ke can.

A bayan gidansu akwai shaguna uku jere, na yayanta Sodiq. Shekara takwas da suka wuce ya zuba kankare a kan lambatun, ya kafa ginshiƙai a cikinsa, ya ɗora shagunan. Ɗaya yana sayar da kayan gyaran keken ɗinki a ciki, biyu ya ba da haya. Da su yake riƙe da gidansa da Iya. Agnes ta tsuguna a bakin kankaren ta leƙa da tocilan, ta zura abin awo, ta miƙe tana kakkaɓe gwiwa.

"Anti, a taswira faɗinsa mita biyu da rabi ne. Yanzu abin da ya rage bai kai mita ɗaya ba, shi ma leda ta cinye rabi. Kin san mai wurin?"

"Yayana ne."

Agnes ta dube ta, ta dubi taswirar. Wasilat ta cire murfin biro ta ja layin da kanta.

Ba sai an yi mata bayani ba ta san inda ruwan yake zuwa in ya rasa hanya. Daf da shagunan lambatun ya yi kwana, a kwanar kuma akwai wani lungu mai gangara, a ƙarshensa gidan Inna Yagana. Tsohuwa ce 'yar asalin Borno da aure ya kawo ta Fagge tun tana budurwa. Mijin ya rasu, 'ya'yan sun watsu neman abinci, ta zauna ita kaɗai a gidan ƙasa da aka shafe da siminti, tana haɗa turaren wuta tana sayarwa. A bayanta Wasilat ta yi wayo, lokacin da Iya ke wuni a kasuwa. Damina uku ke nan a jere ruwa yana shiga tsakar gidan Inna Yagana, kowace shekara ya ɗara na bara.

Ranar Asabar Wasilat ta samu Sodiq a shago bayan la'asar, yana tsince bobin a cikin faranti. Ta gaishe shi, ta zauna a benci, ta gaya masa komai ba ta rage ba.

Ya ajiye farantin. "Ni kaɗai ne na hau lambatu a garin nan?"

"Ba kai kaɗai ba ne, Yaya. Ku sittin da uku ne."

"To cikin sittin da ukun nan wa za a fara taɓawa? Mai bene? Ke ma kin san amsa." Ya jawo durowa ya fito da wata takarda a cikin leda. "Ga izini na. Ba da dare na yi ginin nan ba, da rana tsaka na yi shi, da hatimi."

"Izinin bai faɗaɗa lambatun ba. Ruwan gidan Inna yake shiga."

"Kada ki kawo min Inna. Wa ke aika mata cefane? Ke da kike zuwa mako-mako?" Ya sassauta murya. "Wasila, shekarata hamsin da biyu. In aka rushe wurin nan ina zan fara? Ki goge. Biro ne."

Da ta shiga gida ta tarar maganar ta riga ta. Iya ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi damun Wasilat ke nan. Tana yankan kuɓewa ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ku biyu kuka rage min. Kada ki raba min ku ina da rai."

Ba ta goge ba. Ta rubuta rahoto mai shafi arba'in, da taswirar, da shawarar a sa kuɗin buɗe magudanai a cikin tsarin shekara biyar, a kuma samar wa masu ƙananan shaguna wani wuri kafin a taɓa su. Wannan shawarar ta ƙarshe sau huɗu ta sake rubuta ta, tana tunanin Sodiq.

Malam Abdulƙahhar ya riƙe rahoton kwana tara sannan ya kira ta. Ya rufe ƙofa da kansa.

"Aiki ya yi kyau. Tun da na zo ofishin nan ban ga irinsa ba." Ya cire tabarau ya murza ido. "Amma shafi biyu Abuja ke so daga kowace jiha. Taswirar kuma, in za ta tafi, a matsayin rataye za ta tafi. Na nuna ta a sama. An dawo min da ita."

Ya turo mata taswirar. An zagaye layuka goma sha tara da fensir. Ba sai ta duba sunaye ba, duk manyan gine-ginen ne.

"An ce waɗannan ana kan bincike a kansu, a cire su. Sauran su tafi."

"Ranka ya daɗe, waɗannan su ne suka fi toshe ruwan. In an rushe ƙananan an bar su, ba abin da zai sauya."

"Na sani."

"To me amfanin—"

"Malama Wasila, zaɓi biyu ne a gabanki, ni ma su ne a gabana. Ko taswira ta tafi babu goma sha taran nan, ko ta zauna a durowa gaba ɗaya, mu aika shafi biyu na bayani. Ke kika yi aikin, ke za ki sa hannu. Jibi nake so."

Ta fito ta zauna a teburinta. In ta aika rabin taswira, ta miƙa yayanta da masu rumfunan kwano ga katafila, ruwa kuma bai fasa zuwa ba. In ta hana ta tafiya, babu wanda za a taɓa, babu lambatun da za a buɗe, Inna Yagana kuma na nan a ƙarshen gangara. Ta juya abin ta kowace fuska, ba ta ga ƙofa ta uku ba. Ta yi tunanin aika cikakkiyar taswirar Abuja ta bayan fage, sai ta tuna ba ta san ko mutum ɗaya a can ba, kuma takardar da ba ta bi ta hannun darakta ba ko buɗe ta ba za a yi ba.

Ranar da aka ce, ta miƙa shafi biyu. A ciki an rubuta cewa za a ƙarfafa haɗin gwiwa, za a wayar da kan jama'a game da zubar da shara, za a duba yiwuwar gyara magudanai. Ta sa hannu. Abin da ya fi ba ta kunya shi ne, lokacin da ta ajiye biron, sai da ta ji wani sauƙi a ƙirjinta.

Agnes ta karanta kwafin a tsaye, ta mayar kan tebur. "Mako shida, Anti," ta ce. Ta ɗauki jakarta ta fita.

Daga nan Wasilat ta koma yin abin da hannunta zai iya. Ta ɗauko 'yan kwasar kwata su yashe ƙarƙashin shagunan, suka leƙa suka ce ba ta inda mutum zai shiga, sai an fasa daɓen shago ɗaya. Sodiq ya ce mai hayan ba zai yarda ba. Ta sayi buhunan yashi aka jera a ƙofar Inna Yagana. Ta roƙi tsohuwar ta koma wajen Iya har damina ta wuce.

"Wasila, a ɗakin nan na haifi 'ya'ya bakwai. Ruwan da ke shigowa ai fita yake yi. In na tafi wa zai kula min da turare?"

Yuni ya wuce lafiya, Yuli ma ruwan bai wuce idon sawu ba a tsakar gidan.

Asabar ta biyu a watan Agusta, Wasilat ta yi azahar a wajen Iya, ta ga hadari ya haɗo ta gabas baƙi ƙirin, ta ce bari ta leƙa Inna ta taho da ita ko da ƙarfi. Ta tarar da tsohuwar a ɗaki tana cika kwalabe da turare. Suna cikin gardamar tafiya ruwan ya sauko. Ba yayyafi ya fara ba, gaba ɗaya ya zubo, ƙarar kwano ta hana su jin juna. Iska ta bugo ƙofar ɗakin ta rufe.

"Bari ya ɗan tsagaita," in ji Inna Yagana da ƙarfi. "Ba na iya gudu a cikin wannan."

Wasilat ta yarda. Bai fi minti ashirin ba ta ji sanyi a tafin ƙafarta. Ruwa ne ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, baƙi, mai warin kwata. Ta leƙa ta taga. Tsakar gidan ya zama tafki, buhunan yashin ba a ko ganin su, ruwan na kwararowa ta zaure kamar an buɗe madatsa, yana juya bokiti da murhu da leda.

Ta tura ƙofar. Ƙofar ƙarfe ce mai buɗewa waje, ruwan da ke tsakar gida ya danne ta. Ta sa kafaɗa, ta sa baya ta dafe bango da ƙafa. Ƙofar ko motsi ba ta yi ba. Tagar kuma an gindaya mata ƙarfuna saboda ɓarayi.

"Inna, hau gado."

Ta ɗora tsohuwar a kan gadon ƙarfe, ta hau ita ma. Ta kira lambar agaji, wanda ya ɗauka ya ce motarsu ta maƙale a wajen shataletalen Bata, ruwa ya rufe hanya, ta faɗi sunan lungun zai rubuta. Ta kira mijinta, ba ta shiga ba. Ta kira Sodiq.

"Yaya, muna ɗakin Inna. Ƙofa ta ƙi buɗuwa. Ruwa ya kusa kan gado."

"Ke me ya kai ki—" Ya katse kansa. "Kada ku sauko. Kada ku jingina da bango. Ga ni nan."

Ta cusa wayar cikin ɗankwalinta. Ruwan ya hau katifa, ya rufe idon sawunsu, ya kama ƙwauri. Kwalaben turare suka taso suna yawo a ɗakin suna karo da juna. Wasu ba a rufe su ba, ƙamshin ya gauraya da warin kwata. Akwatin kayan Inna ya kife. Wasilat ta rungumo tsohuwar ta baya, ta ji ba ta da nauyi ko kaɗan. Inna Yagana na ta salati a hankali.

A bangon baya, simintin da aka shafe ƙasar da shi ya fara tsagewa. Wasilat na kallon tsagar tana tafiya daga ƙasa zuwa sama. Ta san abin da ruwa ke yi wa ginin ƙasa, ta rubuta shi a shafi na goma sha bakwai.

"Wasila," in ji tsohuwar. "Aikin nan da kuka yi ta yi da doguwar yarinyar nan, kuna aune-aune. Me ya fito?"

Ruwan ya kai gwiwa. Wasilat ta buɗe baki za ta ce ana kan duba shi, sai maganar ta ƙi fita.

"Na cire, Inna. An ce in zaɓa, na cire taswirar. Shagunan Yaya na ciki."

Inna Yagana ta kamo hannun Wasilat.

"To," in ji tsohuwar. "Riƙe ni da kyau. Ƙafafuna sun daina jin komai."

Ruwan ya kai cinya lokacin da suka ji taku a kan kwano. Sai duka, sai ƙarar ƙarfe na yage ƙarfe. Silin ya fashe, ruwan sama ya zubo musu a ka, fuskar Sodiq ta bayyana a ramin, a bayansa Ikrima mai walda, wanda ke hayar shagon tsakiya. Ta rufin maƙwabta suka biyo. Suka zuro tsanin katako. Sodiq ya sauko, ruwan ya kama shi har ƙirji, ya lalubo gadon.

"Sake ta. Na riƙe ta. Ke hau."

"Ita tukuna."

"To taya ni."

Suka ɗaga tsohuwar, Ikrima ya kamo hannayenta daga sama. Rabin jikinta ya fita ke nan bangon baya ya zauna. Bai yi wata ƙara ba, narkewa ya yi ya zube cikin ruwa, rufin ya karkata, wata azara ta sauko ta doki Inna Yagana a ƙugu. Ta yi ƙara sau ɗaya. Ikrima bai sake ta ba, ya ja ta har ta fita. Sodiq ya turo Wasilat kan tsanin ya biyo ta, suka rarrafa a kan kwanon da ke lanƙwasa har suka kai rufin maƙwabci, ginin bulo.

A nan suka zauna cikin ruwa, su huɗu, kan Inna a cinyar Wasilat. Daga saman ana ganin unguwar duka. Ga lambatun ya cika ya tumbatsa, ga ruwan ya zo ya daki shaguna uku ya rasa hanya ya juyo cikin lungu. Can gaba kuma, inda benen nan mai hawa uku yake, wani tafkin ne ya taru, ya fi nasu girma. Sodiq ya daɗe yana kallo. Bai dubi ƙanwarsa ba.

"Ikrima, gudumarka na shago?"

"Tana nan, Alhaji."

Suka sauka. Wasilat na jin dukan daga sama, ɗaya bayan ɗaya. Sun fasa daɓen shagon tsakiya, suka riƙa zaro leda da tsummoki da tsohuwar taya, har da katifa. Ruwan lungun ya ja baya kamar taƙi ɗaya, sannan ya tsaya, domin gaba ma a toshe lambatun yake. Sai bayan la'asar da ruwan sama ya ɗauke aka samu maza suka sauko da Inna Yagana a kan ƙyauren ƙofa.

A asibiti aka ce ƙashin ƙugu ne ya karye. A layin da ke gaba da nasu gida huɗu sun faɗi, mutum biyu sun rasu.

Ranar Litinin Wasilat ta shiga ofis tana ɗingishi, ta tarar ana neman ta. An kafa kwamiti, manya za su zagaya wuraren da abin ya shafa da ƙarfe goma sha ɗaya.

"Taswirar nan," in ji Malam Abdulƙahhar. "Tana ina?"

Ta buɗe durowa ta ɗauko ta. Ta ɗauki abin goge fensir ta goge zagayen nan goma sha tara a gabansa, ɗaya bayan ɗaya, sannan ta miƙa masa. Ya karɓa ya duba.

"Shafi biyun da muka aika Abuja fa, ranka ya daɗe? Za a iya sauya su?"

"An rufe karɓa tun Yuni. Kundin na wajen masu bugawa." Ya naɗe taswirar. "Sai in an zo bitar tsakiyar zango. Shekara biyu da rabi."

A makon nan kuɗin agaji ya fito cikin kwana huɗu. Aka tura Wasilat makarantar firamaren da aka tsugunar da mutane, ta wuni tana miƙa tabarma da bargo da ƙullin shinkafa ga mutanen da ta sani tun tana yarinya. Suna yi mata godiya, suna sa mata albarka.

Bayan mako uku katafila ta zo. Ta fara daga Sabon Gari, ta kwashe rumfunan kwano da ɗakunan janareta, ta shigo Fagge. Sodiq bai jira ta ba, ya cire ƙofofi da kwanon rufi da kansa tun kwana biyu kafin nan. Da ta iso Kwaciri rabin sa'a ta ishe ta. Gine-gine arba'in da huɗu aka rushe. Goma sha taran nan an ce masu su sun kai ƙara, sai abin da kotu ta ce. Maganar samar wa masu ƙananan shaguna wani wuri ba wanda ya ɗauko ta, tana shafi na talatin da takwas.

Aka sallamo Inna Yagana ta koma ɗakin Iya, domin babu gidan da za ta koma. Ba ta sake taka ƙafarta ba sai da sanda da mai riƙe ta. Ba ta taɓa tayar da maganar da suka yi a kan gado ba, ko ga Wasilat ko ga wani. Wasilat ta ƙara Laraba a kan Asabar, tana zuwa ta yi mata wanka ta shafa mata mai. Iya na amsa gaisuwarta, tana zuba mata abinci, amma hirar da suka saba yi a kicin ta ƙare. Sodiq kuwa ya daina zuwa gidan a ranakun da ya san tana nan.

A watan Nuwamba kundin ya fito, mai kauri, da bango mai sheƙi. Agnes ce ta kawo mata kwafi ta buɗe mata wurin. Shafi biyunsu sun koma sakin layi ɗaya, an haɗe su da na wasu jihohi biyar.

Ranar Wasilat ta tashi daga aiki da wuri ta hau adaidaita sahu zuwa Sabon Gari. Iya ce ta kwatanta mata inda Sodiq yake yanzu. Ta same shi a bakin titi, a tsakanin mai faci da mai sayar da caja, da tebur ɗaya da lema. Allurai da bobin da bel na jere a cikin faranti. Ya rame, furfura ta fito masa a gemu. Teburin na kan murfin kwata, domin nan ne kaɗai wurin da ba na kowa ba a bakin titin. Ta gani, shi ma ya ga ta gani.

"Ina wuni, Yaya."

"Lafiya." Ya turo mata kujerar roba da ƙafa. Ta zauna.

Motoci na ta wucewa. Ya ɗauki wani bel yana juya shi a hannu.

"Benayen fa?"

"Suna nan."

"Damina mai zuwa ke nan ruwan zai dawo."

"Zai dawo. Ba zai kai na bana ba a lungun Inna. Amma layin gaba zai sha."

Ya gyaɗa kai. "Ya jikin nata?"

"Da sauƙi. Jiya ta taka har bakin ƙofa. Tana tambayar ka."

"Zan shigo Juma'a."

Wata mata ta tsaya da kan keken ɗinki a cikin buhu, ta ce zare yake tsinkewa. Sodiq ya karɓa ya ɗora a tebur, ya nemi sukudireba ya rasa. Wasilat ta hango ta a ƙarƙashin faranti ta miƙa masa. Ya sunkuya kan aikin, ita kuma ta zauna tana riƙe masa sandar lemar saboda iskar manyan motoci, har aka kira la'asar.